John Snow: Likitan da Ya Gano Cewa Kwalara a Ruwa Take

Idan ka taɓa jinyar mai amai da gudawa, ka san saurin wannan ciwo. Mutum zai wayi gari garau, kafin la'asar idanunsa sun zurma, fatarsa ta yanƙwane, muryarsa ta dushe. A yau da zarar an ji kwalara ta ɓarke a wata unguwa, abin da ma'aikatan lafiya ke fara tambaya shi ne inda mutanen ke ɗibar ruwan sha. Kana iya ɗauka wannan tambaya tun fil'azal ake yin ta, alhali shekaru 170 da suka wuce manyan likitocin duniya ba su yarda ruwa yana da hannu a ciki ba. Mutumin da ya fara kafa hujja a kan haka wani likita ne ɗan ƙasar Ingila mai suna John Snow, kuma ya rasu ba tare da an gaskata shi ba.

Tasowarsa

An haifi John Snow ranar 15 ga Maris, 1813, a birnin York da ke arewacin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 9, mahaifinsa kuwa lebura ne a wurin sayar da gawayin kwal. Unguwarsu ta talakawa ce a bakin kogi, wadda ambaliya ke yawan shiga. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon aiki wurin wani likita a Newcastle, kamar yadda ake kai yaro gaban maigida ya koyi sana'a.

A 1832 annobar kwalara ta isa yankin, aka tura shi ƙauyen Killingworth ya kula da masu haƙar kwal, lokacin yana da shekara 19. A can ya ga yadda mutane ke wuni a ƙarƙashin ƙasa, ba makewayi, ba ruwan wanke hannu, a nan suke bahaya kuma a nan suke cin guzurinsu. Wannan abu bai fita daga ransa ba. Shi kansa mutum ne mai kamun kai: tun yana saurayi ya daina cin nama, ya ƙaurace wa giya, yana kuma tsarkake ruwan da zai sha. A 1836 ya tafi Landan da ƙafa don ƙaro karatu, ya sami izinin aikin likita a 1838, sannan digirin likitanci na Jami'ar Landan a 1844.

Sunan da ya fara yi

Ba kwalara ce ta fara fito da shi ba. Lokacin da aka fara amfani da magungunan sa barci a wurin tiyata, shi ne ya zauna ya auna yawan da ya kamata a shaƙa wa majiyyaci, ya kuma ƙera na'urar yin hakan. Gwanintarsa ta kai har aka kira shi fada, ya shaƙa wa Sarauniya Victoria maganin kulorofom lokacin haihuwarta a 1853, aka sake kiransa a 1857. Wannan aiki ya sa ya san iska da numfashi ƙwarai, kuma sanin nan ne ya sa shi shakkar abin da kowa ya yarda da shi.

A wancan zamani an ɗauka cewa wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo kwalara. Snow ya yi tunani irin wanda kai ma za ka iya yi: abin da aka shaƙa huhu yake fara taɓawa, amma kwalara a hanji take farawa, don haka dole ta baki take shiga. A 1849 ya wallafa ɗan littafi yana bayanin cewa wani abu mai hayayyafa yana fita ta bahayar majiyyaci, ya shiga ruwa, wani ya sha. Likitoci suka karanta, suka ce babu isasshiyar hujja.

Famfon titin Broad

A daren 31 ga Agusta, 1854, kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, kusa da gidansa. Cikin kwana 3 mutum 127 suka mutu, cikin kwana 10 adadin ya kai 500, daga ƙarshe an ƙirga 616. Waɗanda ke da inda za su je suka tattara suka gudu.

Snow ya karɓo jerin sunayen mamata, ya bi gida-gida yana tambaya ɗaya: ina kuke ɗibar ruwa? Amsa ta yi ta komawa wuri guda, wato wani famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad. Ruwan famfon garai-garai yake, har ya yi suna wajen daɗin sha.

Waɗanda suka tsira ma sun ba shi hujja. Wani gidan gajiyayyu mai mutum 535 yana tsakiyar unguwar, amma 5 kacal suka mutu, domin suna da rijiyarsu ta kansu. Ma'aikata kusan 70 na wata masana'antar giya a kan titin ba wanda ya mutu, su ma ba sa shan ruwan famfon. Sai kuma wata dattijuwa da ke zaune a Hampstead, nesa da Soho, inda babu annobar. Ta taɓa zama a unguwar, kuma saboda son ruwan famfon kullum ake kai mata shi a kwalba. Ta sha, ta kamu, ta rasu, haka ma wata 'yar'uwarta da ta kai mata ziyara ta sha ruwan.

Ranar 7 ga Satumba ya je gaban hukumomin unguwar ya gabatar da abin da ya gano. Ba su gamsu sosai ba, amma washegari suka sa aka cire mariƙin famfon. Shi da kansa ya faɗi gaskiya cewa annobar ta riga ta fara sauƙi saboda mutane sun watse. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a kan kowane gida da aka yi mutuwa, alamomin suka taru cunkus kewaye da famfon.

Wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, ya shiga bincike da niyyar ƙaryata shi, sai ga shi ya gano tushen abin. Wata jaririya a gida mai lamba 40 ta kamu da gudawa kafin ɓarkewar annobar, mahaifiyarta ta wanke tsummokaranta ta zuba ruwan a ramin shadda. Da aka tona, sai aka tarar ramin yana yoyo, kuma tsakaninsa da rijiyar famfon bai kai mita 1 ba.

Kamfanoni biyu, kogi ɗaya

A kudancin Landan akwai kamfanoni biyu da ke sayar wa gidaje ruwa daga kogin Thames, bututunsu na bin tituna ɗaya. Ɗaya yana ɗiba a cikin gari inda ƙazantar birnin ke kwarara, ɗayan kuwa a 1852 ya mayar da wurin ɗibarsa can sama da birnin. Snow ya ƙirga mace-macen makonni 7 na farkon annobar 1854. A cikin kowane gida 10,000 da ke shan ruwan kamfanin farko, mutum 315 suka mutu, a na biyun kuwa 37. Maƙwabta ne, iska ɗaya suke shaƙa, ruwan sha kaɗai ya bambanta su. Ya wallafa wannan a 1855, amma hukumar lafiya ta ƙi amincewa, har aka mayar da mariƙin famfon.

Rasuwarsa

Ciwon shanyewar jiki ya same shi yana tsakiyar rubuta littafi kan kulorofom, ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1858, yana da shekara 45, bai taɓa aure ba. Sai a annobar 1866 jami'an da suka yi masa gardama suka fara karɓar maganarsa. A 1883 da 1884 Robert Koch, likita ɗan Jamus, ya ware ƙwayar cutar a bincikensa a Masar da Indiya. A yau ana lissafa Snow cikin waɗanda suka kafa ilimin bin diddigin annoba.

Abin da ya shafe ka

Kwalara ta shigo Najeriya a ƙarshen 1970, kuma har yanzu tana dawowa, musamman da damina, lokacin da ambaliya ke haɗa shadda da rijiya. Ka tuna cewa ruwan titin Broad ba shi da launi ko wari, don haka kyan ruwa a ido ba shaida ba ne. Ka tafasa ruwan sha ko ka sa masa sinadarin kulorin, ko da daga famfo ko wurin 'yan ga-ruwa ka samo shi. A rufe randa, a ware mata moɗa guda mai tsabta. A haƙa shadda aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma a zuba kashin yara da ruwan wankin tsummokaransu a masai, domin kashin jariri ma yana ɗauke da cuta. A wanke hannu da sabulu bayan bahaya da kafin taɓa abinci.

Idan wani a gidanka ya fara gudawa tsululu mai kama da ruwan wankin shinkafa, ka fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na leda, ka zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. Ka ci gaba da ba shi a hanya, ka kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jiran gari ya waye ba, sannan ka gaya wa ma'aikatan lafiya inda kuke ɗibar ruwa.