John Adams: Lauyan da ya kare sojojin da garinsu ya tsana

An haifi John Adams a 1735 a Massachusetts, kuma yana ɗan shekara 34 lokacin da sojojin Birtaniya suka harbe mutum biyar a Boston a Maris ɗin 1770. Tun kafin a shiga kotu gari ya gama yanke musu hukunci. Adams, duk da adawarsa da mulkin Birtaniya, ya yarda ya tsaya musu.

Ya kafa hujjar cewa taron jama'ar ne ya fara jifan sojojin. Aka wanke Kyaftin Thomas Preston da sojoji shida. Biyu aka same su da kisa ba da niyya ba, aka ɗana musu ƙarfe mai zafi a babban yatsa.

Ya zama shugaban Amurka na biyu a 1797, ya mutu a 1826.