Mamman Shata: Wace Bakandamiyar Za A Maimaita?

A ƙasashen Turawa akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu son kiɗan rok: shin ya dace tsofaffin mawaƙa su riƙa zaga duniya suna rera wani tsohon albam nasu dungurungum, daga waƙar farko har ta ƙarshe, a jere yadda yake a faifai? Ƙungiyar U2 ta yi haka a 2017 da albam ɗinta The Joshua Tree, shekara 30 bayan fitarsa a 1987. Bruce Springsteen ya yi da The River a 2016, waƙa 20 cur a dare guda, amma da yawon ya tsallaka Turai sai ya daina bin jerin a yawancin wurare. Wasu na ganin girmama aiki ne, wasu kuma na ganin cin tsohon guzuri ne kawai.

Mu ma zancen ya kusa ƙwanƙwasa mana ƙofa, tunda yanzu mawaƙanmu albam suke saki, kuma ga matasa nan suna ɗauko waƙoƙin mazan jiya suna maimaitawa a biki da TikTok. Ni dai idan aka tayar da maganar, mutum ɗaya ke faɗo min a rai: Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina. Rayuwarsa ce ke nuna cewa tambayar ba ta zauna daidai a kan waƙar Hausa ba.

An haifi Shata a Musawa, ƙasar Katsina, a 1923. Bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafulatani ne da bai so ɗansa ya zama maroƙi ba ko kaɗan, don a lokacin ana yi wa waƙa kallon roƙo. Yaron ya taso yana tallan goro da alewa, yana bin dandali wurin wasan samari da 'yan mata, kuma a nan muryar ta fito. Da farko ma don nishaɗi yake yi, ba don kuɗi ba. Daga baya ya zauna Bakori, sannan ya kafa gidansa a Funtuwa, yana noma yana waƙa, yana kuma yawo: Katsina, Kano, Zariya, Kaduna, har ƙasashen maƙwabta, har Amurka.

Kayan aikinsa kalangu ne da 'yan amshi. Wanda bai taɓa nutsuwa ya saurari yadda ake gina waƙar Shata ba, to ga yadda abin yake. Makaɗa su ɗauki kiɗa, 'yan amshi su riƙe amshi guda suna maimaitawa, shi kuma yana tsakiya yana jefo ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya. Ba takarda a hannunsa. Ba ya zama ya rubuta, ya haddace, sannan ya fito. Abin da idonsa ya gani a fili shi ke shiga waƙa: wane ya iso, wane ya yi kyauta, wane ya noƙe, wane ne abokin gabar wanda ake wa waƙar da za a sakar wa habaici. Amshi ne kawai ginshiƙin da ba ya motsi. Sauran ginin kullum sabo ne.

Shi ya sa ya iya taɓa komai. Ya yi wa sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar wanda ya zama babban ubangidansa. Ya yi wa attajirai da direbobi da mata. Ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, sai ga waƙar kumbon Apollo 11. Idan kuwa zambo ne, Gagarabadau ta ishe ka misali. Mutumin nan idan ya sa ka a gaba, Allah ya jiƙanka da ranka. Ya ɗan taɓa siyasa ma, ya yi kansila a Kankiya, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, amma ba don wannan ake tuna shi ba.

To mu zo kan Bakandamiya, waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta, wadda ta yi ƙarfin da yau duk mawaƙin da ya yi gagarumar waƙarsa sai a ce ya yi bakandamiyarsa. Idan da Shata na da abin da za a kira babban albam, ita ce. Amma wacce daga ciki? Ku nemo ta a YouTube ko a wurin masu tura waƙa a waya, za ku tarar ba guda ɗaya ba ce. Wata gajera, wata doguwa. A wata muryar matashi ce mai kaifi, a wata ta dattijo ce da ta yi kauri. Garuruwan da ya lissafa a nan ba lallai su ne a can ba, kuma mutanen da ya ambata suna canzawa gwargwadon inda yake tsaye da shekarar da ake ciki. Duk wadda kake riƙe da ita kana cewa ita ce ta asali, dare ɗaya ne daga cikin dararen da ya rera ta, aka yi sa'a akwai na'urar ɗauka a wurin.

Kuma na'urar ma tana da nata hukuncin. Faifan garmaho na da, gefe ɗaya bai wuce minti uku zuwa huɗu ba. Babban faifai yana cin kusan minti 20 a gefe. Kaset kuwa minti 30 ne ko 45, sai ka juya. Mutumin da zai iya kwana yana waƙa, dole ya matse ta daidai girman faifai, ko kuma zare ya ƙare ana tsakiyar ɗan waƙa. A nan Haɗejiya mun ga wannan da idonmu: a teburin mai shayi, a tasha, a rumfunan masu kifi, kaset zai yi ƙarar tsayawa ana cikin daɗi, mai shayi ya ajiye ludayi ya juya shi, a ɗora daga inda aka samu. Direbobin hanyar Kano da masu gadin shinkafa a fadama ba su taɓa damuwa da wane jeri waƙoƙin suka bi ba. Su dai a bar ta ta yi tsawonta.

Bambancin ke nan da U2. Su sun shiga situdiyo sun yi watanni suna gyara, suka fitar da abu ɗaya ƙayyadajje, daga baya suka ɗauke shi zuwa fili. Shata a fili ya fara, faifai ne ya bi shi a baya yana tsintar abin da ya iya. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, amma har yau ba wanda zai ba ka adadin waƙoƙinsa ya rantse a kai. Shi kansa bai riƙe lissafi ba.

Ra'ayina a nan kashi biyu ne, kuma ba su yi daidai da nauyi ba. Matashin da zai hau dandamali ya kwaikwayi Bakandamiya kalma da kalma, har da tarin da Shata ya yi a kaset, bai burge ni ba. Ya yi abin da mai waƙar bai taɓa yi ba. Gara a kunna mana kaset ɗin. Amma wanda ya fi ci min rai shi ne mai yanko daƙiƙa 30, ya ɗora a kan kiɗan fiyano, ya ce ya raya al'ada. Waƙar Shata ba ta kama ka a minti na farko. Sai kalangu ya yi zafi, amshi ya zauna a kunne har ka daina jin sa, sannan wani ɗan waƙa ya faɗo a minti na 12 ya sa ka miƙe zaune. Ka yanke tsawon, ka yanke wurin da abin ke faruwa. Haka nake ji game da namu na gida, marigayi Haruna Uji mai gurmi: Jummai ba waƙar da za a gutsura ba ce, lallashi ne da ke buƙatar lokacinsa.

Saboda haka idan wani zai shirya daren Shata a Haɗejiya ko Dutse ko Kano, ni ina goyon baya, da sharaɗi. A kawo makaɗan kalangu na gaske, ba kwamfuta ba. A kawo 'yan amshi. A ba waƙa ɗaya rabin awa idan ta nema. Sannan mai rerawa ya yi ƙarfin halin duban mutanen da ke gabansa ya saka su a ciki. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma a nan za a gane mawaƙi da mai hadda. Su kuwa masu albam na yanzu, irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, nasu aikin ɗan situdiyo ne tun asali, don haka tsarin Turawan zai iya karɓarsu. Zan sayi tikiti in ga ko muryar za ta ɗauki albam guda ba tare da an kunna mata waƙar a baya ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa na Dokta a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Ya yi fama da jinya a ƙarshen rayuwarsa, har aka kai shi Jidda. Ya rasu a watan Yunin 1999 a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, daidai lokacin da fiyano ke karɓe waƙoƙin fina-finanmu. Ba Musawa aka kai shi ba, ba kuma Funtuwa ba. A Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarki Bashar. Allah ya jiƙansa da rahama.