Jerry McAuley: Mashayin da Ya Tsaya Domin Ya Ɗaga Waɗansu

An haifi Jerry McAuley a ƙasar Ireland a shekara ta 1839. Yana da shekara 13 aka tura shi birnin New York na Amurka wurin 'yan'uwansa. Can ya faɗa cikin mugayen abokai, ya zama mashayi, yana bin dare yana sata a jiragen ruwa da ke bakin kogi. A 1857 aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 15 a kurkukun Sing Sing bisa laifin fashi.

Wata Lahadi a ɗakin sujada na kurkukun, ya ga Orville Gardner, tsohon ɗan dambe wanda ya sani a rayuwar banza, yana ba da shaidar yadda Yesu ya canza shi. Abin ya soki zuciyar Jerry. Ya soma karanta Littafi Mai Tsarki, har ya tuba. A 1864 aka yi masa afuwa, ya fito.

Amma ya fito shi kaɗai. Babu ikkilisiyar da ta riƙe shi, babu aikin yi, tsofaffin abokai kuwa suna nan suna jira. Ba a daɗe ba ya koma giya da sata. Sai da wani mai bishara mai suna Henry Little ya manne masa, yana binsa har gida. Jerry ya yi alkawarin barin giya, ya karya, ya sake yi, ya sake karyawa. Duk da haka masu bi ba su sallame shi ba, har ƙafarsa ta tsaya.

Da ya tsaya, bai gudu daga unguwar da ta lalata shi ba. A watan Oktoba na 1872, shi da matarsa Maria, wadda ita ma Ubangiji ya cece ta daga giya, suka buɗe gidan taimako a lamba 316, titin Water. Wani ma'aikacin banki, Alfrederick Hatch, ya tallafa musu. Mashaya da tsofaffin fursunoni sukan sami abinci da wurin kwana, da yamma kuma a yi waƙa da addu'a, waɗanda suka sami 'yanci su tashi su ba da gajeriyar shaida. Wanda aka taimaka jiya, shi ne mai tarbar baƙo yau.

A 1882 Jerry ya buɗe gida na biyu mai suna Cremorne. A nan ne Samuel Hadley, wanda giya ta raba shi da kome, ya durƙusa ya ba da ransa ga Almasihu a watan Afrilu na wannan shekara. Ciwon tarin fuka ya ɗauke Jerry ranar 18 ga Satumba, 1884. A 1886 Hadley ya karɓi ragamar gidan titin Water, ya riƙe shi shekara 20, har mutuwarsa a 1906.

'Yan'uwa, ku lura: tuban Jerry a kurkuku na gaskiya ne, amma rashin zumunta ya kāshe shi. Abin da ya riƙe shi daga baya shi ne mutanen da suka ƙi barinsa, da kuma hidimar da ta sa kullum akwai masu jiransa. Haka Ubangiji ya yi da Bitrus: bayan ya yi musunsa, ya maido shi, ya kuma danƙa masa kiwon 'yan'uwansa.

A Tambuwal da Kebbe, kamar sauran garuruwanmu, giya da tramol da kodin suna cin matasa, har da 'ya'yan masu bi. Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, kowa ya san kowa, shi ya sa kunya takan hana wanda ya sake faɗuwa komowa. Idan ɗan'uwa ya rasa taro sau biyu, kada a jira shi, a je a same shi. Dattawa, ku ba mai murmurewa aiki, ko da jera kujeru ne. Kai kuma da Ubangiji ya kwance maka sarƙa, kada ka bar ƙungiyar don ka ga ka warke. Akwai wanda zai shigo mako mai zuwa, ba zai gaskata cewa akwai mafita ba sai ya gan ka a zaune.