Marianne North, Mai Zanen Itatuwa

An haifi Marianne North a garin Hastings na ƙasar Ingila cikin shekarar 1830. Ubanta ɗan majalisa ne mai son tafiye-tafiye, duk inda za shi kuwa da ita yake zuwa. Tun tana yarinya Allah ya ba ta hannun zane, tana kuma son furanni.

Da ubanta ya rasu a 1869 sai baƙin ciki ya rufe ta. Ba ta yi aure ba, ga dukiya an bar mata. Maimakon ta zauna gida, sai ta ƙudura niyyar zuwa ƙasashe masu zafi, ta zana tsirrai a inda Allah ya tsiro da su. A wancan zamani hoto bai iya nuna launi sosai, saboda haka wanda bai je ba bai san kamanninsu ba.

A 1871 ta shiga jirgin ruwa. Ta je Jamaika da Birazil, ta je Jafan da Borniyo da Indiya da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Ƙasar Cile ce ta ƙarshe, a 1884. Ta sha rana, ta sha cizon sauro da ciwo, amma ba ta fasa ba. A Borniyo ta zana wani tsiro mai kamar tulu wanda ke kama ƙwari. Masana ba su san shi ba, sai suka sa masa sunanta.

Da kuɗinta ta gina ɗaki a lambun Kew, kusa da Landan, aka buɗe shi a 1882. Zanenta fiye da 800 na jere a bango, kowa na iya zuwa ya gani. Ta rasu a 1890.

Dazuzzuka da yawa da ta zana yanzu an sare su, sai a zanen ake ganinsu. Haka kuka da tsamiya da giginya na Giyawa da fadamar Rima: in aka yi ta sara ba dashe, wata rana jikoki sai labari za su ji. Yaron da ya san sunan itace, ya iya zana ganyensa, ba zai yi saurin sa masa gatari ba.