Rajkumari Amrit Kaur, Ministar Lafiya Ta Farko A Indiya

Ran 6 ga watan Fabrairu na shekarar 1964 Rajkumari Amrit Kaur ta rasu a birnin Delhi. Ita ce mace ta farko da ta shiga majalisar ministocin Indiya, ta kuma riƙe ma'aikatar lafiya shekara goma cur, daga 1947 zuwa 1957.

A Laknau aka haife ta, 'yar gidan sarautar Kapurthala ce, a Ingila ta yi karatu. Da ta ga dama da ta ƙare rayuwarta cikin daula, amma sai ta bi Mahatma Gandhi, ta yi masa aikin sakatare shekara 16, har Turawan mulki suka tsare ta a 1942.

Sa'ad da Firayim Minista Nehru ya danƙa mata ma'aikatar, ita ba likita ba ce, ƙasar kuwa na cikin wani hali. An ƙiyasta mutum miliyan 75 ne zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa kowace shekara, ga kuma tarin fuka. A zamaninta aka shiga yi wa jama'a allurar rigakafin tarin fuka, a 1953 kuma aka ƙaddamar da shirin feshin maganin sauro a gidaje har ƙauyuka.

Duk da haka abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne rashin wurin da likita zai ƙware a gida, balle a sami malaman da za su koyar da na baya. Mai neman zurfin ilmi sai ya ƙetare teku, kuma ba kowa ke da halin hakan ba. Saboda haka ta tashi haiƙan neman kuɗi, ƙasar New Zealand ta ba da fam miliyan ɗaya. A 1956 ta gabatar wa majalisa dokar kafa babbar makarantar likitanci da asibitin koyarwa ta Delhi, wadda ake kira AIIMS. Ta dage sai an bar makarantar ta riƙa tafiyar da al'amuranta da kanta, kada ma'aikatan gwamnati su ɗaure mata hannu, alhali kuwa ikon ma'aikatarta ne take ragewa. Har yau talakawa daga jihohi masu nisa suna cika harabar asibitin, don kuɗin da ake karɓa bai taka kara ya karya ba.

A 1950 aka zaɓe ta shugabar babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, mace ta farko da ta hau wannan kujera.

Ba ta yi aure ba. Gidan iyayenta da ke kan duwatsun Shimla kuwa, asibitin ta bar wa, domin ma'aikatan jinya da sauran ma'aikata su riƙa zuwa hutu.