Al-Khwarizmi, malamin da ya aza harsashin aljabara

An haifi Muhammad bin Musa al-Khwarizmi wajajen shekarar 780, kuma ana danganta shi da yankin Khwarizm na Uzbekistan ta yau. A Bagadaza ya shahara, a Baitul Hikma, zamanin Halifa Ma'amun.

Wajajen 820 ya wallafa littafin da kalmar aljabara ta samo asali daga sunansa. Babu x ko y a ciki, da zance zalla yake warware matsala. Fitaccen misalinsa shi ne adadin da idan aka ninka shi da kansa, aka ƙara ninkinsa goma, jimilla za ta zama 39. Rabin goma biyar ne, biyar sau biyar 25, a haɗa da 39 a sami 64, tushensa takwas, a cire biyar, saura uku. Daga wannan dabara aka fitar da ƙa'idar da ɗaliban sakandare a Ikara da Makarfi da Kudan ke haddacewa saboda jarrabawar WAEC, galibi ba tare da sanin mai ita ba.

Ciniki da awon ƙasa da rabon gado ne suka fi damun marubucin. Maganar jifa sai daga baya: a 1638 Galileo ya nuna cewa nisan faɗuwar dutse yana tafiya da lokaci ninke da kansa, don haka irin wannan lissafi ke bayyana sa'ad da abin da aka harba zai sauka.

Al-Khwarizmi ya rasu wajajen 850. A 1145 Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin.