Sarki Tanimun, wanda ya sa aka ƙera igwa a Damagaram

Tanimun ɗan Sulaiman ya riƙe sarautar Damagaram tun daga shekarun 1850 har rasuwarsa a 1884. Ya gaji ƙasar da ke kai gaisuwa ga Shehun Borno a Kukawa, ya bar ta tana cikin masu ƙarfi a yankin.

A zamaninsa aka kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ayarin Tarabulus kuwa na sauka a Zango, suna kawo bindigogi da tufafi, suna komawa da ƙiraga, gashin jimina da bayi. Sarkin ya gane cewa wanda ke jiran makami daga bayan hamada, ƙarfinsa na hannun fatake ne. Don haka ya tara maƙera, suka riƙa narka tagulla suna zuba igwa a cikin gari, ana kuma haɗa albarushi a nan gida. Sarakuna kaɗan ne a ƙasar Hausa suka yi irin wannan tunani a lokacin.

Sai dai kuɗin aikin, mafi yawansa daga harin bayi ya fito, talakawan ƙauyukan maƙwabta ne suka biya da 'ya'yansu.

Shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, sojojin Faransa suka karya rundunar ɗansa Amadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga Zinder. Igwar tagulla ba ta iya tsayawa gaban bindigogin masana'antun Turai ba.